Hannun da Ya Riƙe Ni Ta Baya

Da sunan Allah, wanda ya riga ku sanin abin da na ɓoye.

Yau babu hirar soro mai daɗi. Masu jiran su ji me na ce mata, me ta ce min, ku yi haƙuri. Wannan shafin sau uku ina rubutawa ina gogewa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Muhyiddeen, a Rano nake, shekara huɗu da gama sakandare. Sau biyu ina zuwa ɗaukar soja, sau biyu gudu yana kayar da ni. A na biyun ina hango layin ƙarshe ƙafata ta ce ba da ita ba. Shi ya sa na shiga wajen Kofur Habu.

Kofur Habu tsohon soja ne, yanzu faci yake yi a bakin tasha. Mu tara ne a hannunsa. Da an sallame Asuba mu haɗu a bakin kwalta, mu miƙi hanyar Kibiya, mu taɓa wata darbejiya da ke shigar gari, mu juyo. Shi yana biye da mu a keke, usur a baki.

Ba gudu kaɗai yake koya mana ba. Tun da aka tare wani ɗan motsa jiki aka ƙwace masa waya, aka yanke shi a hannu, ya ƙara mana darasi.

"Ba a gudu mutum ɗaya," in ji shi. "Ba a toshe kunne. Ku bi gefen da kuke fuskantar mota. Wanda ya nuna muku wuƙa ya ce waya, ku miƙa masa da hannu biyu, har da caja in kuna da ita."

Mujahid, abokina tun firamare, ya ce, "Kofur, wayar Muhyi ko ɓarawo ya karɓa sai ya biyo shi ya dawo masa da ita."

Aka yi dariya. Ni na ce, "In an cafke mutum ta baya fa?"

Kofur ya jingine keke. "Ka ɗan sunkuya, ka murza ƙugu, gwiwar hannu ta tafi da kanta. Sau ɗaya. Daga nan ka nufi inda mutane suke. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Wanda kunnensa yake buɗe, da wuya a kai ga riƙe shi."

Mun yi ta gwadawa a jikin buhun ƙaiƙayi. Na fi kowa iyawa. Farkon maganar na riƙe, ƙarshenta na zubar a nan wurin.

Yanzu Juwairiyya.

Gidansu yana shigar Kibiya, ba nisa da darbejiyar nan. Wata bakwai ina zuwa zance. Ba ta da yawan magana, ni ma haka, sai mu zauna a soro ita tana ɗinkin hula ni ina kallon allurar. Da ƙaramar Salla ta ba ni koriyar rigar ƙwallo, a bayan wuya ta ɗinka harafin farko na sunana da jan zare. Ta ce, "Don in ka ɓata a gane mai kai."

Ummanta ba ta so na. Ba ta ɓoye ba. Ita Shamsuddeen take so, mai shagon kayan waya, mai sabon babur, wanda in ya zo har maƙwabta sai sun sha lemo. Ni ko me nake da shi? Kambas da ya sha ɗinki da takardar sakandare.

Mutum ɗaya ne ya tsaya min a gidan: Babansu, Malam Ishiyaku, limamin ƙaramin masallacin da ke bakin titi. Juwairiyya ta ce ranar da aka yi ta musu a tsakar gida, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaron nan yana da kunya. Aiki yana zuwa, kunya ba a sayo ta." Da wannan maganar aka tsayar da rana. Juma'ar nan Kawu Bello, ƙanin mahaifina marigayi, zai kai gaisuwa. Kawu ya riga ya gaya wa Innata cewa shi sau ɗaya yake zuwa gidan mutane roƙon aure, ba ya komawa.

To ga matsalar. Bayan Asuba Baba yana zama a dakalin masallaci da dattawa, carbi a hannu, har rana ta fito. Ta gabansu muke wucewa.

Ku da kuka taso a nan kun sani. Wanda kake neman 'yarsa ba a haɗa hanya da shi. In ka hango shi ka sauya lungu. In ta kama dole, ka cire takalmi ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ni kuwa kullum sai in wuce ta gabansa a guje, gajeren wando, cinyoyi a waje, gumi yana zuba, ko sallama babu. Mujahid kuma da mun zo daidai wurin sai ya fara tari na iskanci.

Na gwada dogon wando, Kofur ya ce ranar ɗauka ba da shi zan yi ba, in saba. Na gwada shiga tsakiyar mutane in sunkuyar da kai. Na fi kowa tsayi.

Sai na gano wata 'yar hanya. Kafin a kai masallacin tana ratsewa cikin gonaki, ta zaga bayan gidaje, ta ɓullo gaba da darbejiya. Dawa ta fi ƙarfin kaina hagu da dama. Ba mai ganin kowa.

Bayan kwana uku Kofur ya tsayar da ni. "Kai, ina kake ɓacewa?"

"Surukinsa yake gudu, Kofur," in ji Mujahid. "Wai kar a ga ƙaurinsa a fasa auren."

Kofur bai yi dariya ba. "Kunyarka ba za ta tare maka wuƙa ba. Ko ka bi kwalta da mu, ko ka bar min tawaga."

Na bar masa tawagar. Na koma fita ni kaɗai, in riga su. Shirun cikin dawar yana ba ni tsoro, sai na sayi iyafis na jin kiɗa na toshe kunnuwa biyu. Duk abin da ya hana, na haɗa su a safiya ɗaya, na riƙa maimaitawa har kwana tara.

Ranar Litinin ruwa ya kwana yana zuba. Gari ya waye da hadari, hasken bai gama fita ba. Na saka koriyar rigar. Innata tana hura wuta a madafa, hayaƙin jiƙaƙƙen kara ya cika gidan, ta ce, "Yau ma? Ƙasa duk santsi."

"Yanzu zan dawo."

Na shiga cikin dawar, ganye yana marina da ruwa, kiɗa yana dukan kunnena. Ina gab da wata kwana sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Damƙa mai ƙarfi. Na saci kallo ta ƙasan hammata, na ga adda.

Ban yi tunani ba. Na sunkuya, na murza ƙugu. Gwiwar hannuna ta sami wani abu mai tauri, abin ya ba da hanya. Rigar ta yage. Na ji faɗuwar mutum a ƙasa ta cikin ƙafafuna, ba ta kunne ba. Na faɗa cikin dawa na yanki gona har kwalta. Ban waiwaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi.

Na dawo Rano, na zauna a teburin mai shayi. Kafin in shanye kofi ɗaya tsoron ya koma daɗi. Na ba da labarin sau biyu, a na biyun addar ta ƙara tsayi. Sannan na zaro waya na danna wa Juwairiyya saƙon murya. Ga abin da na ce, ban rage ko kalma ba:

"Juwaira, yau saura kaɗan ki yi takaba tun ba a ɗaura ba. Wani ɓarawon waya ne ya cafke ni a cikin dawa, da adda fa. Gwiwar hannu ɗaya na ba shi. Da kin ji ƙarar, kamar an taka ƙwarya. Yanzu haka yana can yana tsintar haƙoransa a cikin taɓo."

Sai na yi dariya. Doguwa.

Ta amso nan take. *Innalillahi. Ba ka ji ciwo ba ko? Allah ya ƙara tsare min kai, sojana.* Da zuciya uku jajaye.

Na yi wanka ina waƙa.

Wajen azahar wani saƙon ya shigo. *Ka sa Baba a addu'a. Ya zame a gona ya faɗa kan dutse. Haƙoransa biyu na gaba sun fita, leɓe ya tsage, an kai shi asibiti an ɗinke.*

Na rubuta, *Subhanallahi. Wace gonar?* Don a sanina gonarsa tana can hanyar Durba.

*Ta ƙaninsa marigayi, wadda yake noma wa marayu. Nan bayan gidajenmu.*

Na ajiye wayar a kan katifa. Na juya hannuna na dama a hankali. A kan gwiwar akwai 'yan ramuka biyu kusa da juna, jini ya bushe a kai. Da safe na ɗauka kara ne ya karce ni.

Kuna jira ku ji na tashi na tafi Kibiya ko? Ban tafi ba. Na rubuta, *Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.* Na buɗe akwati na ɗauko riga mai dogon hannu na saka, ana wannan zafin na bayan ruwa. Koriyar rigar na cusa ta ƙarƙashin katifa.

Innata ta kawo min ɗanwake, ta tsaya tana kallona. "Zazzaɓi kake?"

"A'a."

"To ci."

Ban ci ba. Ta ɗauke kwanon, sai a bakin ƙofa ta ce, "Kawunka ya sayo goron. Manya, farare. Ya ce in gaya maka ka yi aski."

Talata bayan la'asar na saka yadina ruwan ƙasa da hular da ta ɗinka min, na sayi ayaba da kankana, abin da ba sai an tauna ba. Ko a wajen sayen na ji kamar mai kayan ya san dalili. Na hau mota zuwa Kibiya. Da muka wuce masallacin ana sallar wasu da suka makara, wani ne a gaba, ba shi ba.

Na yi sallama a soro. An shimfiɗa tabarmar da aka saba, amma babu ruwa, babu turare. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, hijabi ne ruwan toka har ƙasa, ba kwalli, ba hular ɗinki a hannu. Ta zauna can ƙarshen tabarma.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Yana iya cin abinci?"

"Kunu. Da cokali, ta gefen baki." Ta dubi ledar da na ajiye. "Ina rigar da na ba ka?"

"Tana wanki."

"Dukkanta?"

Ta fito da hannu daga cikin hijabi ta ajiye wani abu a tsakaninmu. Ƙyalle kore, bai kai tafin hannu ba. Jan zare a jiki.

"A aljihun rigar Baba na gani, da zan wanke jinin."

Na gane ɗinkinta, harafin sunana ne.

"Naɗe hannun rigarka."

"Juwaira."

"Naɗe."

Na naɗe. Ta duba sau ɗaya ta kau da kai.

"Wallahi ban san shi ba ne. Adda na gani. Kunnena a toshe yake."

"Na sani. Jiya da safe ba ka sani ba. Da azahar fa?"

Na saukar da hannun rigar.

"Ka ce Allah ya sa kaffara ce. Kaffarar wa?"

Na ce, "Waye ya sani?"

Ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. "Tambayar da ta dame ka ke nan. To bari ka ji. Da saƙonka ya shigo muna dama koko ni da Umma. Kullum tana cewa Shamsu ne namiji, kai ba ka da kataɓus. Sai na ce bari in nuna mata. Na ƙure murya na kunna mata. Sau biyu. Har ta ce ashe yaron yana da zuciya. Ba a yi awa biyu ba Baba ya shigo da rawani a baki."



"Ta gane?"

"Umma ba yarinya ba ce. Ba ta ce komai ba. Amma jiya Shamsu ya zo dubiya, har tsakar gida ta sa aka shigo da shi."

"Baba fa?"

"Ya gan ni da ƙyallen. Ya ce in mayar inda na ɗauko." Ta miƙe. "Ban mayar ba. Ɗauki kayanka."

"Yana ciki?"

"Ya koma gonar. An hana shi, ya ƙi. Wai bai gama aikin da ya fara ba."

Na bar soron. Ban bi titi ba, na zaga bayan gidaje na shiga cikin dawar, wannan karon a ƙafa, a hankali, kunnena a buɗe. Ashe wurin yana da sauti. Kurciya, kwaɗi, ruwa yana gudu a wani wuri.

Na zo kwanar. Na ga inda dawa ta kwanta, inda na faɗa na gudu. Na ga inda ƙasa ta tumurmushe. Na sha kwanar.

Hanyar ta ƙare.

Ruwan daren Lahadi ya cinye ta. Inda nake takawa kullum ya zama kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, duwatsu tsirara a ƙasa, jan ruwa yana bi ta tsakaninsu. Daga inda aka riƙe ni zuwa bakin ramin na ƙirga da ƙafata. Taku shida. A guje, taku uku.

An jera ƙayar magarya an tare bakin. Rabin ƙayar ta fara bushewa, ta jiya ce. Wato bayan na fasa masa baki na gudu, sai da ya tashi ya ja ƙayar nan ya tare hanya kafin ya tafi gida.

Baba yana can gefe yana janyo wani reshen da adda, rawani ya zagaye haɓarsa. Na cire takalmi na durƙusa a cikin taɓo da yadina.

"Baba, barka da yamma."

Bai juyo ba sai da ya daidaita reshen da ƙafa. Maganarsa tana fita da iska, kamar ba tasa ba.

"Muhyiddeen. Ka zo."

"Baba, ni ne."

"Na san kai ne. Ni ba a toshe nake ba." Ya zauna a kan kunyar gona, ya ɗora addar a cinya. "Ina cikin saran ƙaya ka wuce ni. Sau uku na kira sunanka. Rabona da gudu tun kafin a haife ka, amma na bi ka."

Na kifa kaina.

"Na je gida na ce dutse ne. Ba don kai ba. Yayyen Juwairiyya suna da zafi, da sun ji a ranar da sun zo Rano da sanduna. Amma ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Ko bakin nan ya warke ba zan tsaya gaban mutane in ja salla da ita a wuyana ba."

"Baba, ka yafe min."

"Tukuna. Me ya kawo ka hanyar nan? Ga kwalta, ga 'yan'uwanka."

"Kunya."

"Kunyar me?"

Da ƙyar na ce, "Wandon."

Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Ya dafe bakin da hannu, hawaye ya fito masa, na dariya ko na zafin ɗinkin, ban sani ba.

"Wata bakwai ina kallon wandon nan. Baƙi mai farin layi. Duk dattawan dakalin nan sun san ƙafarka, har suna musu ko bana za ka ci. Ranar da ka daina wucewa na ce ko yaron nan ba shi da lafiya." Ya goge ido da bakin rawani. "Neman halak ɗinka kake yi. Wa ya ce maka abin kunya ne? Abin kunyar shi ne jiya da azahar."

Juwairiyya ma haka ta ce. Ban san ko sun yi magana ba, ko kuwa jini ne.

"Gobe ka biyo kwalta da mutanenka, yadda ka saba fita. Ka tsaya a dakali ka gaya musu abin da ya sami bakina. Kai ka faɗa, ni in tuba."

"To, Baba."

Ya miƙe yana dafa addar. "Maganar Juma'a kuma ba a hannuna kaɗai take ba yanzu. Ni haƙori na rasa. Ban san me suka rasa a cikin gida ba. Na ji an ce akwai wata magana a waya." Ya dube ni, karo na farko. "Ban saurara ba. Ba na so in saurara."

Laraba, yau ke nan, na riga kowa zuwa bakin kwalta. Na gaya wa Kofur komai a gaban sauran. Mujahid ya buɗe baki, Kofur ya nuna shi da usur, ya rufe.

"Nuna min yadda ka yi."

Na nuna.

"Dukan ya yi daidai," in ji shi. "Duk abin da ka yi kafin dukan ne ba daidai ba. Da wanda ka yi bayansa. Ba ni iyafis ɗin." Ya cusa a aljihu. "Shiga gaba. Kai za ka ja mu."

Ban taɓa jin hanyar Kibiya ta yi gajarta kamar yau ba.

Suna nan a dakali, su shida. Baba a ƙarshe, rawani a haɓa. Na tsaya. Tawagar ta tsaya a bayana, takwas, suna haki. Na kwance kambas na ajiye gefe, na durƙusa da gajeren wandona a kan tsakuwa. Mata masu zuwa niƙa suka rage tafiya.

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗa. Hanyar, iyafis, addar, gwiwar hannu, gudun. Na faɗi na azahar ma, da rigar da na saka don in rufe hannu. Ba wanda ya taimake ni.

Wani dattijo mai farin gemu ya juya wajen Baba. "Liman, wannan ne mai kunyar da kake ba mu labari?"

"Shi ne."

"To da ba shi da ita fa, da sai mu haɗa maka likkafani."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku shaida, dutse bai taɓa ni ba. Na faɗi abin da ba haka ba, ina neman gafarar Allah da taku. Yaron nan kuma na yafe masa, duniya da lahira." Ya dube ni. "Tashi ka ƙarasa gudunka. Ba ka taɓa darbejiyar ba."

Na tashi. Tsakuwa ta manne a gwiwoyina. Da na juya na ga labulen soron gidansu yana motsi, kamar yanzu aka sake shi.

Na dawo gida na gaya wa Innata. Ta yafa mayafi ta tafi gidan Kawu Bello. Ta dawo ta ce ya ce goro yana nan a jiƙe a algarara, amma ba zai taka ba sai an aiko daga gidan yarinya cewa a zo.

Na zauna da waya a hannu tun hantsi. Sai bayan azahar ta yi ƙara.

*Ina bayan labule. Na ji duka.*

*Umma ta ce tunda mai bakin ya yafe, ita ba ta da ta cewa, amma ba za ta aika ba. Baba ya ce shi ma ba zai aika ba sai na ce a aika.*

Na rubuta, *Me kika ce?*

Na ga tana rubutu. Ta tsaya. Ta ci gaba. Ta tsaya.

*Dukan kuskure ne, na yarda. Gudun tsoro ne, na yarda. Na azahar ma yau ka biya shi da gwiwarka.*

*Amma ka faɗi komai a dakali ban da abu ɗaya.*

*Ko da ɓarawon ne, Muhyi, mutum ne ka bari a kwance cikin taɓo, ba ka san ko yana numfashi ba. Ka je ka sha shayi. Ka saurari dariyar nan da kunnenka da ka ce ya buɗe, ka gaya min ta waye. In ta wanda nake ɗinka wa hula ce, ina so in sani kafin Juma'a.*

Sai ta turo min saƙon nawa.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Maganar ta ƙare a ta ashirin da tara. Sauran sha biyun duk dariya ce.

Na saurara sau tara. Ina ta neman inda zan ce ba muryata ba ce.

Muryata ce. Jibi Juma'a, kuma har yanzu wurin amsar babu komai a ciki.